Madugun da Ba a Yi wa Musu

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Safar, da ƙarfe biyar saura kwata na yamma, wani saurayi mai suna Zayyanu ya faɗo zauren gidansu da ke Funtuwa a guje, hula a hannu, fenti bai gama bushewa a yatsunsa ba. Abokansa biyu, Hambali da Tasi'u, suna zaune a kan tabarma suna jiransa. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ɗaga murya ya ce, "An kira mu! Wallahi an kira mu Kaduna!"

Tasi'u ya yi tsalle ya rungume shi har suka kusa kifar da butar alwala. Hambali kuwa murmushi kawai ya yi, ya ce, "Alhamdu lillahi," sannan ya sunkuyar da kai. Ku riƙe wannan sunkuyon, jama'a, za mu dawo kansa.

Kafin ku ji wanda ya yi kiran, ya kamata ku san abin da aka kira. Zayyanu sana'arsa rubuta allunan talla, amma zuciyarsa tana kan wani wasa da ya ƙirƙira da kansa. Ba irin dara ko ludo ba ne, inda wani ke cinye wani a tashi. Wasan labari ne, wanda ake kewaye tebur a yi shi da baki. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ke faɗin yadda daji yake, da abin da ke bayan dutse, da wanda ya tare hanya. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama shi: wannan madugu, shugaban tafiya, wannan jagaba, mai nuna hanya, wancan mai kula da jakuna, wancan mai gadi. Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai aikata, sai a jefa ƙwayar ludo a ga ko ya dace ko bai dace ba. Ba mai cin wani. Ko dai ayari ya kai ga goro, ko kuma ya halaka gaba ɗaya.

Sunan wasan Ayarin Gwanja. Kakan mahaifin Zayyanu bafatake ne, ya sha kai kanwa Gwanja a kan jakuna ya komo da goro, kuma labaran tafiye-tafiyensa ta bakin kakar Zayyanu suka iso. Da Allah ya yi mata rasuwa sai Zayyanu ya ga in bai yi wa labaran nan gida ba, za su bi ta. Ya rubuta littafin dokoki, ya zana taswira da hannunsa, ya sassaƙa 'yan jakuna na itace ya yi musu fenti. Daga baya ya yi wa wasan ƙari har uku, kowanne da ɗan littafinsa: ƙarin Kogin Kwara, ƙarin 'Yan Fashi, da ƙarin Kasuwar Salaga, babbar kasuwar Gwanja.

Masu kiran kuwa wata ƙungiya ce ta masu buga littattafai da wasannin matasa. Kowace shekara sukan tara sababbin wasanni su tantance su, wanda ya tsallake a buga shi a raba wa makarantu da ɗakunan karatu. Ba kyan zane suke duba ba, ba kuma kaurin littafi ba. Alƙalai uku ne ke zama su buga wasan da kansu, sau ɗaya tak, su yanke hukunci kafin su tashi.

Ga Zayyanu wannan zama guda shi ne komai. Mahaifinsa, Alhaji Mamuda mai hatsi, ya daɗe yana kallon ɗansa yana ƙarar da ƙuruciyarsa a kan jakunan itace. Da ya ji labarin kiran sai ya ce, "Na yarda ka je. In masana sun ce abin kirki ne, ba zan ƙara ce maka uffan ba. In kuwa sun ce ba shi ba ne, ka rufe akwatin nan ka zo rumfa ka kama mudu." Zayyanu ya yi alkawari a gaban 'yan'uwa. Alkawari kuwa kaya ne.

To, akwai wani abu da ke ci masa rai wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Duk wanda ya buga wasan, in an tashi sai ya ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Amma ba wanda ya taɓa cewa, "Mu sake." In ya gayyaci mutum karo na biyu, sai uzuri ya fito: wannan zai je ta'aziyya, wancan kansa na ciwo. Zayyanu ya ɗauka abubuwan cikin wasan ne suka yi kaɗan, shi ya sa yake ta ɗora ƙari a kan ƙari, kamar mai ƙara gishiri a miyar da ba a hura mata wuta ba.

Mutum uku ne suka fitar da shi daga wannan rami, kuma ga abin da kowannensu ya yi.

Na farko Hambali. Tela ne, mai ƙarancin magana, wanda idonsa ya saba da awo. Tun da aka fara buga wasan yake zama a teburin, har ya lura da abin da ya wuce kowa. Dokar wasan ta ce madugu ne ke yanke shawara bayan 'yan ayari sun yi gardama a gabansa, kuma daɗin wasan duka a cikin gardamar nan yake. Amma duk lokacin da aka zauna, ladabi kan sa a miƙa matsayin madugu ga wanda ya fi kowa shekaru, domin wa zai yarda ya zama shugaba alhali yayansa na gefe yana kiwon jakuna? Da zarar babba ya zama madugu kuwa, sai bakuna su mutu. Ya ce gabas, a ce gabas. Ya ce a kwana, a ce a kwana. Mutum ɗaya ke wasa, sauran rakiya suke yi.

Hambali bai tsaya ga zato ba, domin ba ya yanka yadi sai ya sake awo. Tun kafin kiran Kaduna ya zo, ya ari akwatin ya kai layin teloli, ya tara sa'o'insa waɗanda suka tashi tare, ya ja musu labarin. Kafin ayari ya bar zangon farko musu ya kaure, har masu shagunan kusa suka bar kekunansu suka leƙo suna zaton faɗa ake yi. Washegari ya sake tara su, amma ya roƙi maigidansu, tsohon telan da ya koya musu ɗinki, ya zauna ya zama madugu. Mutanen da suka cika layi da hayaniya jiya, yau sai ka ce zaman makoki suke. Hambali ya mayar da jakunan cikin akwati, ya san ya gano ciwon.

Sai dai gano ciwo daban, faɗinsa daban. Hambali yana neman auren Sa'ima, ƙanwar Zayyanu, har an kai gaisuwar iyaye. Da wane ido zai dubi yayan matar da zai aura ya ce masa aikin shekarunsa ba shi da rai? Abin da ya fi wannan nauyi, maganar ta shafi girmama manya. In ta fito daga bakinsa ta zagaya ta kai kunnen Alhaji Mamuda, cewa za a yi ga mai neman 'yar gida yana so yara su riƙa yi wa manya musu. In ya yi shiru abokinsa zai je Kaduna ya sha kunya, in ya yi magana aurensa na iya girgiza. Wannan ne sunkuyon da ya yi a zaure. Daga ƙarshe ya ɗauki kasadar, amma ta wata ƙofa. Ya tafi wajen Bara'atu ya zayyana mata komai, bai ma roƙe ta ta ɓoye sunansa ba.

Ta biyu ita ce Bara'atun. Malamar firamare ce, 'yar kawun Zayyanu, wato taubashiyarsa. Kun dai san tsakanin taubasai: maganar da wani zai faɗa a kai shi ƙara gaban manya, taubashi zai faɗe ta a yi dariya. A duk faɗin Funtuwa ita kaɗai ce za ta iya kallon ƙwayar idon Zayyanu ta ce masa aikinsa bai yi ba. Amma ta san in da baki kawai ta faɗa, zai ɗauke ta a tsokanar da aka saba ya wuce. Saboda haka ta sami mahaifinta, Kawu Iliya, dattijo mai son raha, suka ƙulla abin da suka ƙulla.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya aika wa Zayyanu cewa yana so ya ga wasan nan da ake ta magana. Zayyanu ya zo da murna, shi da abokansa biyu, aka ƙara da wani ɗan'uwansu, aka shimfiɗa taswira a tsakar gida. Kamar kullum, ba a ko yi shawara ba aka ce Kawu ne madugu.

A zangon farko Kawu ya gyara zama ya ce, "Jakunan nan sun cika ci. A sayar da su duka, mu ɗauki kanwar a ka."

Ɗan'uwan da ke kula da jakuna ya ce, "Yadda ka gani, Kawu."

A zango na biyu Kawu ya ce, "Jagaban nan ban yarda da idonsa ba. A ɗaure masa fuska da rawani, ya bi mu a baya."

Tasi'u ne jagaba, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa a gari. Ya sosa ƙeya ya ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, hakan ma daidai ne."

Da aka iso Kwara, Zayyanu ya kwatanta yadda kogin ya cika ya batse, ga masu fito nan da kwalekwalensu suna jira. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Kwalekwale na ragwaye ne. Kowa ya ɗaure kanwarsa a wuya, mu shiga da ƙafa." Ba wanda ya motsa leɓe. Aka jefa ƙwaya, ruwa ya cinye ayarin kaf. Ɗan'uwan nan ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "Ma sha Allah, wasa ya yi daɗi."

Sai guɗa ta tashi daga ƙofar ɗaki. Bara'atu ce, tana tafi tana cewa, "Barka da arziki, taubashi! Ashe ba wasa ka ƙera ba, makabarta ka zana!"

Zayyanu ya haɗe rai ya ce, "Ke Bara'atu, ban son shashanci. Ƙwaya ce ba ta ba da sa'a ba."

Ta ce, "Ƙwayar ce ta sayar da jakuna? Ƙwayar ce ta ɗaure wa jagaba ido? Ƙattai uku suna kallo Baba ya tura su ruwa da kanwa a wuya, ba wanda ya yi ko tari! Kai kuma kana can kana ƙara musu kada da 'yan fashi. Me ɗan fashi zai yi da ayarin da ke kashe kansa don ladabi?"

Kawu Iliya ya share hawayen dariya ya ce, "Gaskiyarta, ɗana. Tun zangon farko nake jiran wanda zai ce mini a'a. Wallahi har wautar ta ƙare mini."

Zayyanu ya dubi taswirar. Duk zaman da aka taɓa yi ya dawo masa, ya ga babba a kan kujerar madugu, ya ga kawuna a sunkuye. Kunya da baƙin ciki suka rufe masa ido. Ya tattara littattafan ya jefa a akwati, ya nufi murhu inda wutar tuwo ke ci. Bara'atu ta sha gabansa, ta fizge akwatin, ta ajiye ta zauna a kai.

Ta ce, "Kayan taubashi ganima ne, wannan ya zama nawa. Ranar da ka zo da gyara ka karɓa. In kuwa mudu kake so, ga hanya nan, ba sai ka ƙona mini kaya ba."

Maganganun da ya gaya mata a ranar sun wuce wasan taubasai, amma ta haɗiye. Gwaggonta, mahaifiyar Zayyanu, ta aiko mata cewa ta yi yawa, ta kunyata ɗan'uwanta a gaban abokansa. Ta ba da haƙuri, amma ba ta saki akwatin ba, ba ta kuma ce Hambali ne ya kawo mata maganar ba. Ta ɗauki laifin ita kaɗai.

Na uku Tasi'u. Ɗan kamasho ne a tashar mota, kuma tun ranar da aka ɗaure masa ido da rawani ya kasa cewa komai abin ke damunsa. Wata safiya yana loda kaya sai ya ji wani matashin Bafulatani ya dubi wani tsohon Babarbare, wanda ya yi jika da shi, ya ce masa, "Kai bawana, matsa ubangidanka ya zauna!" Tsohon ya kwashe da dariya ya rama da wadda ta fi ta zafi, mota duka ta ɗauka. Tasi'u ya saki buhun da ke hannunsa, ya hau acaɓa, bai zame ko'ina ba sai shagon Zayyanu.

Tun daga bakin titi yake kira, "Mai fenti, ajiye burushin nan! Na samo magani!"

Zayyanu ya ce, "Maganin me? Ciwon a jininmu yake. In ce wa mutane su daina ladabi?"

Tasi'u ya ce, "Wa ya ce a daina? Ladabi bango ne, ba ka isa ka rushe shi ba, bai ma kamata ba. Amma kakannin da suka gina bangon sun bar masa ƙofa. Wasan barkwanci! Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Ta wannan ƙofar yaro ke shiga ya ja gemun tsoho a yi dariya."

A nan tsaye ya shimfiɗa masa dabarar. Kowane mutum na cikin labarin a ba shi asali, wato gari ko ƙabila. Matsayi kuma a daina miƙa wa babba, a rubuta a kati a zuba a hula kowa ya zaro rabonsa. Wanda ya zama abokin wasan madugu, wajibi ne ya yi masa musu a kowane zango, in ya yi shiru ayari ya yi asarar jaki guda. Ya ce da zarar mutum ɗaya ya buɗe ƙofar, sauran za su biyo.

Zayyanu ya rubuta wannan a ɗan siririn littafi ya sa masa suna Abokan Wasa. Ya kai wa Bara'atu, ya ba ta haƙuri, ta miƙa masa akwatin tana cewa, "Karɓi, dama jakunanka sun cika mini ɗaki da kuka." Daga nan Tasi'u ya sa aka buga tsofaffin ƙarin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu hukunci ba sani ba sabo. Na 'Yan Fashi, ya ce jifan ƙwaya ne kawai ba shawara a ciki, a ajiye. Na Kasuwar Salaga, ya ce mai jan labari ke ta zuba sauran na hamma, a ajiye. Na Kogin Kwara, ya ce a nan ne ra'ayi ke rabuwa, a riƙe. Zayyanu ya ji kamar ana cire masa haƙori, domin zanen Salaga ne ya fi kowanne kyau, amma ya ajiye.

Abu ɗaya ya rage ba a gwada ba. Sa'o'i sun buga sun ji daɗi, amma su dama ba su da matsala. Kawu Iliya kuma ya riga ya san dawar garin, gwajinsa ba zai zama shaida ba. Ko ƙofar za ta buɗu a gaban babban da ba a saba da shi ba, wannan sai a Kaduna.

Ranar tantancewa aka shigar da su wani babban ɗaki. Hambali da Bara'atu suka zauna a bencin baya. A teburin kuwa ga alƙalai uku: Malam Yohanna, Malama Rumasa'u, da shugabansu Alhaji Isiyaku, tsohon hedimasta mai farin gemu, wanda aka ce tun safe yake mayar da wasanni bai yi murmushi ba. Wasan na bukatar mutum huɗu ban da mai jan labari, sai Tasi'u ya cike.

Zayyanu ya cire hularsa ya zuba katunan, yana addu'a a zuci kada madugu ya faɗa hannun tsohon. Alhaji ya zura hannu, ya zaro, ya karanta: "Madugu, Bakano." Zayyanu ya miƙa wa Tasi'u hular. Tasi'u ya zaro nasa ya duba. Jagaba ne, Bazazzagi.

A zangon farko Alhaji ya ce da busasshiyar murya, "A bi ta hanyar dutse." Ido ya koma kan Tasi'u. Shi kuwa ya dubi farin gemun nan, ya tuna da na mahaifinsa, sai ya sunkuyar da kai bai yi musu ba. Zayyanu ya jira, ya ƙara jira, sannan ya sa hannu ya ɗauke jaki guda daga kan taswira, domin doka doka ce. Alhaji ya dubi agogonsa. A can baya Bara'atu ta dafe kai.

Zayyanu ya tattaro sauran ƙarfinsa ya ja labari zuwa bakin kogi. Ya ce, "Ga Kwara a gabanku, ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Masu fito sun ce ku jira ya sauka. Amma akwai wani ayari a bayanku, in ya riga ku shiga Gwanja, goro mai kyau ya ƙare."

Alhaji ya ce, "Ba jira. A ƙetare yanzu."

Sai Tasi'u ya buga tebur har jakunan suka yi tsalle. Ya nuna tsohon da yatsa ya ce, "Kai Bakano, tsaya nan! Kai da ruwan da ka sani bai wuce na rijiyar marina ba, kai ne za ka auna mana Kwara? Ƙamshin riba ka jiyo a ƙetare, shi ya sa kake so ka yi wa kada sadaka da mu!"

Biro ya suɓuce daga hannun Malam Yohanna. Zayyanu ya ga mudu ƙuru-ƙuru a gaban idonsa. Alhaji Isiyaku ya cire tabarau a hankali ya ajiye, ya ƙura wa Tasi'u ido. Can sai gemun ya fara rawa, kafaɗu suka biyo, dariya ta ƙwace masa har yana dukan cinya.

Ya ce, "Ku ji mini Bazazzagi! Kai da rafin garinku akuya ke tsallake shi ba ta jiƙa gemu ba, kai ne masanin ruwa? Tsoro ne ya kama ka, ka fake da ilimi, halinku na gado!"

Shi ke nan, ƙofa ta buɗu. Malama Rumasa'u, wadda ta zaro Bafulatana mai kula da jakuna, ta rantse ko jaki ɗaya nata ba zai taka ruwan nan ba. Malam Yohanna, Babarbare mai gadi, ya ce mata ta yi shiru, yaushe baiwa ta fara magana a gaban iyayengijinta? Ta ce in ya isa ya fara shiga a ga jarumtar. Murya ta hau kan murya, madugu ya ja, aka ja da shi, ya sassauta, daga ƙarshe aka daidaita a kan a ƙetare da rabin kaya a kwalekwale, rabi ya jira. Da aka zo jefa ƙwaya, Alhaji miƙewa tsaye ya yi, ya hura mata iska ya wurga. Wani ma'aikaci ya leƙo ya ce lokaci ya cika, masu wasa na gaba suna jira. Alhaji ya kore shi da hannu ya ce, "Ayarina na tsakiyar ruwa, ka ce in tashi?"

Kaya ɗaya ya nutse, sauran suka tsira, ayari ya shiga Gwanja ɗakin duka na sowa. Alhaji Isiyaku ya zauna yana haki, ya share zufa da gefen rawani, ya dubi Zayyanu ya faɗi kalmomin da saurayin bai taɓa ji ba tun da ya sassaƙa jakinsa na farko. Ya ce, "Mu sake."

Bayan an natsu alƙalan suka ba da hukunci baki ɗaya: za a buga Ayarin Gwanja tare da ƙarin Kogin Kwara da na Abokan Wasa. Sannan Alhaji ya ce, "Ɗana, na daɗe ina wannan aiki. Hannun da ya ƙera abu ba ya ganin aibinsa, wani ne ya tantance maka wasan nan kafin mu. Muna da gurbin alƙali guda a teburin nan, kuma irin wannan mutumin muke nema. Kujera ɗaya ce, ba a raba ta. Faɗa mini sunansa."

Zayyanu ya buɗe baki zai ce Tasi'u, sai Bara'atu ta taso daga baya ta faɗi abin da ta ɓoye, cewa Hambali ne ya fara gano ciwon ya kawo mata. Zayyanu ya tsaya yana kallonsu su uku.

Ya dubi Hambali. Ba don idonsa ba, da har yau ana cewa ma sha Allah, da an zo Kaduna da littattafai huɗu an koma da kunya. Shi ya ga abin da kowa ya kalla bai gani ba, ya tabbatar da shi ta gwaji, ya kuma sa aurensa a kan sikeli. Amma bai iya faɗa wa mai wasan da bakinsa ba.

Ya dubi Bara'atu. Ba don ita ba, da ganin Hambali ya mutu a cikinsa. Ita ta shirya gwajin da ya sa mai wasa ya ga aibin wasansa da idonsa, ita ta faɗi gaskiya a fili, ita ta sha zagi da laifi, kuma ba don ta zauna a kan akwatin ba da wasan ya zama toka. Amma ba ita ta gano ciwon ba, ba ta kuma san maganinsa ba.

Ya dubi Tasi'u. Ba don shi ba, da an san ciwo an rasa magani. Shi ya samo ƙofar, shi ya ware ƙarin da ke da amfani daga wanda ba shi da shi, shi ya nuna wa shugaban alƙalai yatsa a lokacin da komai ya kusa lalacewa. Amma ya yi ta zama a teburin nan bai lura da komai ba sai da aka nuna masa.

An karɓi wasan, Alhaji Mamuda ya cika maganarsa, Zayyanu bai kama mudu ba. Kujerar kuwa ɗaya ce, kuma ana jiran suna.

To jama'a, tsakanin Hambali da ya gani, da Bara'atu da ta faɗa, da Tasi'u da ya gyara, wane ne ya fi cancanta ya zauna a kanta?